A Kan Faifan Rod Stewart na 1971 da Zargin Cin Gumin Wani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shirin wasiƙun masu sauraro domin in yi tsokaci a kan maganar da mai gabatar da shirinku na tsofaffin waƙoƙin Turawa ya yi, lokacin da ya sa waƙoƙi daga faifan Rod Stewart mai suna Every Picture Tells a Story, wanda kamfanin Mercury ya fitar a 1971. Ya ce mawaƙin ya cika faifan da waƙoƙin mutane ne saboda nasa sun ƙare masa, har ya kira abin cin gumin wani. Ban yarda da wannan hukunci ba, ko da yake a faifan akwai waɗanda aka ci guminsu da gaske, sai dai ba su ya ambata ba.

Gaskiya ne cewa waƙoƙi uku kacal Stewart ya sa hannu wajen rubutawa: wadda aka raɗa wa faifan sunanta, da ya yi tare da Ronnie Wood, da Maggie May tare da Martin Quittenton, sai Mandolin Wind da ya rubuta shi kaɗai. Sauran na aro ne, kuma bai ɓoye ba. Reason to Believe ta Tim Hardin ce. Tomorrow Is a Long Time ta Bob Dylan ce, kuma a lokacin shi kansa Dylan bai fitar da ita da tasa muryar a faifai ba, sai a ƙarshen 1971. Mutumin da basira ta ƙare masa ba ya zuwa ya tono waƙar da mai ita bai kai kasuwa ba. Wadda kowa ya riga ya haddace zai ɗauko, don ta sayar masa da kanta.

Ina roƙon mai gabatarwar ya sake sauraron (I Know) I'm Losing You, ya haɗa ta da ta asali wadda The Temptations suka yi a kamfanin faifai na Motown da ke Detroit a 1966. Ta asalin tsaf take, muryoyi suna karɓa wa juna, bushe-bushe suna raka su, komai a aune. Da Stewart ya ɗauke ta tare da abokan ƙungiyarsa ta Faces, sai ya kwance mata ɗamara: gita mai gurnani, fiyano, muryarsa mai dishi-dishi kamar ta wanda ya kwana yana kiran kasuwa, sannan aka yi tsit aka bar wa Kenney Jones fili ya yi ta lugude a kan ganguna. Kalmomin ba su canja ba, amma baƙin cikin da ke ciki ya tashi daga na mai lallashi ya koma na wanda ransa ya ɓaci. Wannan aiki ne, kuma shi ya sa wanda bai san tarihin waƙoƙin ba ba zai iya ware na aro daga na gida ba, domin gitar katako da bugun ganga iri ɗaya ne suka ɗinke faifan daga farko zuwa ƙarshe.

Abin dariyar shi ne, kamfanin ya fi amincewa da waƙar aro. Reason to Believe aka sa a gaban ƙaramin faifan da aka rarraba wa gidajen rediyo, aka jefa Maggie May a bayansa. Masu gabatar da shirye-shirye irin naku ne suka juya faifan suka riƙa sa ta bayan, har a watan Oktoba na 1971 waƙar da babban faifan suka hau mataki na ɗaya a jerin waɗanda suka fi kasuwa a Ingila da Amurka a lokaci guda.

Inda maganar gumi take da tushe shi ne wajen That's All Right. Arthur Crudup, baƙar fata ɗan jihar Mississippi, shi ya rubuta ta ya ɗauke ta a 1946. Da ita Elvis Presley ya fara fitowa a 1954, ga Stewart ma ya rera ta, amma Crudup ya shafe shekaru yana aikin ƙarfi yana bin kuɗin haƙƙinsa, har ya rasu a 1974 bai ci moriyar da ta kamace shi ba. Laifin ba na masu rerawa ba ne, na waɗanda suka riƙe takardun mallakar waƙar ne. Haka kuma mandolin ɗin nan (wani abin kiɗa mai tsirkiya, kamar ƙaramar gita) da ke rufe Maggie May, wanda mutane da yawa shi suka fi tunawa a waƙar, Ray Jackson na ƙungiyar Lindisfarne ne ya kaɗa shi. A bangon faifan ba a rubuta sunansa ba, cewa aka yi sunan ya kwanta wa mawaƙin. Daga baya Jackson ya fito ya ce fam 15 aka biya shi. Nan kam Stewart bai kyauta ba, kuma abin lura, a waƙarsa ta kansa hakan ta faru, ba a ta aro ba.

Don haka roƙona shi ne, duk lokacin da za a sa irin wannan faifai a shirin, a faɗi sunan wanda ya rubuta kowace waƙa da wanda ya fara rera ta, in da hali a sa ta asalin a gefen sabuwar, masu sauraro su yi alƙalanci da kunnensu. Zan so a fara da muryar Crudup a mako mai zuwa.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga Zariya