Takwaranka ya zama gola a kan ƙanƙara

Assalamu alaikum mutumina,

Ina fata kana lafiya, da su Hajiya da yara. Wata huɗu ba ka ji ni ba, kai ma ka yi gum, to mun yi kunnen doki. Wai da gaske ne ka bar koyarwa ka koma kasuwa? Amma tsaya in fara ba ka nawa, don ya cika min ciki.

Takwaranka ya zama mai tsaron raga. Ba a ƙwallon ƙafa ba, a wasan hoki da ake yi a kan ƙanƙara, wanda mutanen nan Winifeg, a Kanada, ba su da zance sai shi. Tun da ya ga Connor Hellebuyck, golan Jets, ƙungiyar hoki ta garin nan, ya ɗauki kyautar gwarzon ɗan wasa a 2025, yaron nan ya hana mu sakat. Ashe ba halinka ya ɗauko ba, kai da ake sa ka a raga a filin makaranta ka riƙa kauce wa ƙwallo.

Abin da ake harbo masa faifan roba ne baƙi, mai tauri kamar dutse, nauyinsa wajen giram 170. Ranar da na fara jin ƙararsa a jikin katangar filin, ban yi barcin kirki ba. Shi ya sa na ce ba zan yi arha da kayansa ba.

Kushin kare ƙafa muka fara nema. Ana auna yaro daga idon sawu zuwa tsakiyar gwiwa, sannan ya durƙusa a shagon, a duba ko gwiwar ta sauka daidai kan kushinta. Na so in ɗauki masu ɗan girma don ya daɗe yana sawa, mai shagon ya ce gwiwar za ta zame ta daki ƙanƙara. Nan na haƙura.

Safar hannu ce ta ba ni wahala. Ka san shi bahago ne, sanda a hagu, cafka da dama, yawancin gololi kuwa akasin haka suke. Sati uku ina yawon shagunan gwanjo, kamar mai neman takalmi a Ƙofar Wambai, kafin na samu wata ta kamfanin CCM. Ta yi tauri, ƙaramin hannunsa bai iya rufe ta ba. Kullum da dare mu ɗaure ta da igiya mu danna ƙarƙashin katifa. Yanzu ta fara laushi.

Af, an ce an ɗaura auren Auta, babu wanda ya turo min ko hoto ɗaya. Ka gaya masa ina fushi.

Kwalkwalin kam sabo na saya, mai tambarin CSA, masu tabbatar da ingancin kaya a Kanada, mamansa ta ce ba za a sa wa kan ɗanta gwanjo ba, kuma gaskiyarta. Ka san har 1959 gololi da fuska buɗe suke tsayawa? Sai da aka fasa wa wani gola, Jacques Plante, fuska ya ce ba zai koma fili ba sai da abin rufewa. Gololi suna ƙawata nasu da zane, shi kuma yaron ya ce Dagin Arewa yake so a goshi. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Don Allah ka ɗauko min hoton dagin da ke jikin zaurenku, gaba da gaba, da rana, kafin Asabar. Mai yin sitika yana jira.

Ka gaida Hajiya.

Naka,
Baban takwaranka