A bar yaranmu su leƙa maniyyin tsuntsaye a madubin likita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili domin in yi magana a kan abin da mutane da yawa za su ce bai kamata dattijo ya sa baki a ciki ba.

Ni mutumin Garwa ne a arewacin Kamaru. Shekara 31 na yi a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, wanda a nan muke ce wa labo, kafin in yi ritaya. Jini da fitsari da kaki duk sun bi ta hannuna, haka ma maniyyin magidantan da haihuwa ta yi wa jinkiri. Ƙwayar maniyyin ɗan Adam na san ta kamar yunwar cikina: ɗan kai mai kamar ƙwai, wuya gajere, sai doguwar wutsiya tana kaɗawa. Na ɗauka duk wata halitta haka tata take.

A hutun da ya wuce 'yar ƙanena, wadda ke karatun ilimin halittu a jami'a, ta ce tana so ta yi binciken kammala karatunta a kan ƙwayoyin maniyyin ƙananan tsuntsaye masu waƙa, dangin kanari da gwara da kabare. Gida ya ɗauki zafi. Mahaifiyarta ta ce ina za ta kai fuskarta idan dangin miji suka ji. A majalisarmu wani ya ce boko ya zo ƙarshe tunda an rasa abin dubawa sai wannan. Yarinyar ta same ni a zaure idonta ya yi ja, ta ce, "Baffa, kai ma abin da za ka ce ke nan?" Na ce, "'Yata, kawo takardunki in gani tukuna."

Kwana uku ina karanta su. Daga nan na nemi aron madubin likita wurin wani tsohon abokin aiki, muka kama namijin kabare ɗaya a bishiyar bayan gidana, inda suke saƙa sheƙa duk damina. Ta matsa gindinsa a hankali da yatsa biyu, ɗan ɗigo ya fito wanda bai kai kan allura ba, ta sa a gilashi, muka sake shi ya koma reshensa yana ta surutu. Da na kafa ido, wallahi sai da na ɗago na sake komawa. Kan ƙwayar ba zagaye ba ne, a murɗe yake kamar ƙahon ragon uda. Wuyan nan da na saba gani gajere, wanda shi ne rumbun ƙarfin ƙwayar, ya zama dogon zare ya nannaɗe wutsiyar, yadda yaɗon wake ke naɗe karan dawa. Ita kanta tafiyar daban ce: juyawa take yi a kan tsawonta tana kutsawa gaba, kamar mahujin kafinta a jikin katako.

Wannan siffa an daɗe da sanin ta. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Gustaf Retzius, ya zana ta da hannunsa tun 1909. Abin da ya fi ɗaukar hankalin masu bincike yanzu shi ne bambancin da ke tsakanin jinsi da jinsi. Ƙwayar ɗan Adam ba ta wuce mikromita 50 zuwa 60 ba, mikromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A cikin tsuntsaye masu waƙa akwai mai kusan 40, akwai mai kusan 300. Wani ɗan tsuntsun fadama na Turai, mai nauyin giram 20 ko kusa da haka, ƙwayarsa ta ninka ta mutum kusan sau biyar. Girman jiki ba shi ne ma'auni ba ke nan.

Dalilin yana wajen mace. Duk mai kiwon kaji ya san ko an sayar da zakara, kaza za ta ci gaba da yin ƙwai mai ƙyanƙyasa har mako biyu ko fiye. Abin da ya sa, a cikin hanyar ƙwanta akwai wasu 'yan ramuka da take adana maniyyi a cikinsu, yana fitowa kaɗan-kaɗan. Ƙananan tsuntsaye ma haka suke. To idan mace ta haɗu da namiji fiye da ɗaya, ƙwayoyinsu ne za su yi tsere a neman gurbi a ramukan nan da kuma isa ga ƙwai. Wani Bature ɗan Ingila, Geoff Parker, shi ya fito da wannan tunani fili a 1970, kuma ƙudajen da ke taruwa a kan kashin shanu ya yi nazari a kansu. Na tabbata a lokacin shi ma an yi masa dariya. Da gwajin DNA ya zo a shekarun 1980, sai aka gano tsuntsaye da yawa da ake ganinsu bibbiyu a sheƙa, ba duk 'ya'yan ne na maigidan ba. A wani ɗan tsuntsu shuɗi na Ostireliya, kusan kashi uku cikin huɗu na 'yan tsakin wani namiji ne daban ya haife su.

Inda tseren ya yi tsanani, zuriya bayan zuriya, wanda ƙwayarsa ta fi dacewa shi ke barin 'ya'ya, 'ya'yan su gaje shi. Shi ya sa irin waɗannan jinsuna suka fi yawan doguwar ƙwaya, kuma an ga tsawonta yana tafiya da tsawon ramukan da ke jikin mace. A jami'ar Sheffield an haɗa mace ɗaya da namiji mai doguwar ƙwaya da mai gajeriya, a wani ɗan tsuntsun keji, mai doguwar ya fi samun 'ya'ya. Inda kuwa tseren ya yi sanyi sai aikin ya sukurkuce. Tim Birkhead da abokansa sun nuna a 2006 cewa wani tsuntsu mai jan ƙirji a Turai, wanda ke manne da matarsa, ƙwayarsa ta rabu da murɗin nan gaba ɗaya, kanta ya koma zagaye, ga 'yan maraina ƙanana.

Ga wurin da ya fi taɓa ni a matsayina na mutumin labo. An lura cewa a jinsin da mata ke yawan haɗuwa da maza dabam-dabam, tsawon ƙwayoyin mazan kusan ɗaya ne, kamar an auna da gwangwani ɗaya. A jinsin da ba haka ba kuwa, kowa da nasa tsawon. Ashe idan ka auna maza goma ko ashirin ka ga yadda suka bambanta, za ka iya ƙiyasta halin zaman auren jinsin ba tare da gwajin DNA mai tsada ba. Raga mai laushi, ruwan fomalin, gilashi, madubi mai ma'auni, sai haƙuri. Duk akwai su a Garwa da Marwa da Ngaundere. Kuma ba a yanka tsuntsu ko ɗaya.

Gidan adana kayan tarihin halitta na Oslo a ƙasar Nowe ya tara samfurin maniyyin ɗaruruwan jinsunan tsuntsaye. A 2013 masu bincike daga can da ƙasar Cek da cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos sun kwatanta tsuntsayen ƙasashen sanyi da na Najeriya da Kamaru. Da ana zaton na ƙasashen zafi sun fi riƙon aure, amma ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba. Na yi murna da aikinsu, sai dai ina tambaya: mu da muke kwana muna tashi da tsuntsaye jan baki masu cinye hatsi a gonakin masakwa da shinkafar Yagwa, mu da muke da gandun dajin Waza da fadamun Logon da bakin Binuwai, da makarantar koyon kula da namun daji a nan Garwa tun 1970, sai yaushe za mu ajiye namu samfurin a namu ɗakin? Baƙo yakan zo na 'yan makonni ya tafi. Tsuntsu kuwa ba ya yin maniyyi sai lokacin hayayyafarsa, bayan nan marainansa su ƙanƙance. Wanda ke zaune a wurin duk shekara shi zai san makon da kowane jinsi ya shirya.

Ba na cewa wannan bincike zai kori jan baki daga gona gobe. Amma wanda ke son maganin tsuntsu dole ya san yadda yake hayayyafa, kuma hannun da ya ƙware wajen auna ƙwayar kabare shi ne gobe zai duba maniyyin bijimi ko na magidancin da ya zo asibiti da damuwarsa. Na ga hawayen irin waɗannan mutane, na kuma ga matan da aka saka a kan laifin da ba nasu ba, don an rasa mai duba gilashi da kyau.

Maganar kunya kuwa, tun muna yara a makarantar zaure malamanmu suka karantar da mu bambancin maniyyi da maziyyi da wadiyyi a babin tsarki, ba su rufe fuska ba. Ni da na ga ƙwayar nan tana juyawa, tasbihi ne ya fito daga bakina.

Na je na sami ƙanena da mai ɗakinsa, mun yi magana, sun amince. Kabare za su dawo bishiyar da zarar ruwa ya zauna a watan Yuli. Duk ɗalibin da ke so ya koyi shafa samfuri a gilashi da busar da shi ba tare da ƙwayar ta karye ba, idona bai mutu ba tukuna, zan zauna da shi ba ko sisi.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin labo,
Garwa, Kamaru