Wasiƙa zuwa ga Malam Habibu a Gembu

Zariya,
Jihar Kaduna.

Zuwa ga aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da malaman da kuke aiki tare. Mu a nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Yaya sanyin Mambila? Allah ya taya ka riƙon amanar shugabancin makarantar da aka ɗora maka.

Saƙonka ya iso ni, na kuma fahimci abin da ya sa ka tsaya wasiwasi. Ƙungiyar iyaye da malamai ta tara ɗan kuɗi domin a shigo da fasahar zamani cikin koyarwa, wasu suna cewa a sayi majigi, wasu suna cewa a sayo wa yara ƙananan kwamfutocin hannu, kai kuma kana tsoron kada kuɗin talakawa ya ƙare a kayan da za a kulle a ofis. Tsoronka yana kan hanya, shi ya sa na ga ya fi kyau in rubuta maka a tsanake maimakon mu yi ta yankewar magana a waya.

Ma'aunin da nake ɗora kowane irin kayan aiki a kai guda ɗaya ne: shin zai yi amfani a aji mai cunkoso, inda babu wutar lantarki, sabis kuma sai an nemi tudu, kuma na'urar da ake da ita ba ta wuce wayar malami ba? Mafi yawan abin da ake tallatawa an tsara shi ne domin makarantun da kowane yaro yake da na'urarsa da intanet a gida. Google Classroom, wanda aka fito da shi a 2014, kyakkyawan tsari ne na raba aiki da karɓarsa, amma sai ɗalibi yana da hanyar shiga. Ka tuna abin da ya faru da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona. An yi ta maganar karatu ta intanet, amma darussan da suka kai ga 'ya'yan talakawa a yawancin jihohinmu su ne waɗanda aka watsa a gidajen rediyo. Bayan haka kuɗin data ya ƙara tsada, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su yi ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Saboda haka a wajenmu intanet ta fi yi wa malami amfani kafin ya shiga aji, lokacin da yake shirya darasinsa, kuma abin da ya fi dacewa da mu shi ne wanda za a sauke sau ɗaya a ci gaba da aiki da shi ba tare da sabis ba.

A kan shirin darasi, abin da zan fara nuna wa malamanka shi ne kayan TESSA, shirin horar da malaman Afirka da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ta fara a 2005 tare da cibiyoyin ilimi na ƙasashenmu, ciki har da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Abin da ya sa nake daraja su shi ne waɗanda suka rubuta su sun san ajinmu. Suna bayanin yadda za a raba babban aji rukuni-rukuni ba tare da hayaniya ta ci darasin ba, da yadda ake yin tambayar da ke sa yaro tunani, da yadda malami zai yi amfani da abin da ke kewaye da makaranta, irin su murafen kwalba da tsakuwa da ganyaye, a matsayin kayan koyarwa. Kyauta ne, ana iya sauke su a buga a takarda. Khan Academy kuwa, wadda Salman Khan ya kafa a Amurka a 2008, na fi ganin ta a matsayin makarantar malami. Turancin bidiyoyin yana yi wa yaranmu sauri, misalan kuma da dala da mil ake kawo su, amma malamin da aka ba shi lissafi alhali ba fanninsa ba ne, kamar yadda ake yawan yi a makarantun karkara, zai iya zama da daddare ya kalli bayanin har ya zauna masa, washegari ya koyar da naira da kilomita cikin harshen da yara suke ji.

Bari in ɗan daɗe a kan abin da ya fi taimaka mini a darasin kimiyya, tunda na san makarantarku, kamar tamu, ba ta da ɗakin gwaje-gwaje na kirki. Jami'ar Kolorado da ke Amurka tana da wani shiri mai suna PhET, wanda Carl Wieman ya kafa a 2002, shekara guda bayan ya samu kyautar Nobel a fannin kimiyyar fiziks. Gwaje-gwaje ne na kwaikwayo da ake motsawa da hannu a fuskar kwamfuta, kuma kowanne ana iya sauke shi a buɗe ba tare da intanet ba. Wanda na fi amfani da shi shi ne na haɗa da'irar lantarki. Ina ɗora kwamfutar a kan tebur, in kira yara rukuni-rukuni, sauran kuma suna zana abin da ke kan allo. Sai in sa yaro ɗaya ya jawo batir da waya da ƙwan fitila biyu ya jera su a kan layi ɗaya. Kafin ya cire ƙwai ɗaya, kowa sai ya faɗi abin da yake zaton zai faru, in rubuta a gefen allo. Yawancinsu sukan ce ɗayan zai ƙara haske, tunda ya samu wutar shi kaɗai. Da ya cire, sai ɗayan ma ya mutu, a nan ne za ka ji gardama ta tashi a tsakaninsu, kuma wannan gardamar ita nake nema. Daga nan sai a sake haɗawa, kowane ƙwai da nasa reshen, a cire ɗaya, ɗayan ya ci gaba da ci. Ba na barin darasin ya tsaya a kan kwamfuta. A darasi na gaba nakan zo da batiran tocila da ƙananan ƙwayaye da 'yar waya daga kasuwa, su haɗa da hannunsu, su tabbatar cewa abin da suka gani a hoto haka yake a zahiri. Malamin lissafinka ma yana da irin wannan a GeoGebra, inda yaro zai ja kusurwar alwatika yadda ya ga dama, ya ga jimlar kusurwoyin ba ta barin digiri 180.

Ga makaranta irin taku, abin da nake ganin zai fi sauya al'amura shi ne Kolibri, manhajar da ƙungiyar Learning Equality ta yi musamman domin wuraren da babu intanet. Ana girka ta a kwamfuta ɗaya, a zuba mata darussa a wurin da ake da sabis mai ƙarfi, ko a kwafo daga wata kwamfutar da ke da su. Idan aka haɗa ta da ƙaramar na'urar raba waifai, ko da babu data a cikinta, wayoyin malamai da ke kusa za su iya shiga su buɗe darussan, malami kuma yana iya ganin wanda ya yi aiki da inda ya tsaya. Haka Kiwix take, ita kuma tana ɗauko Wikipedia dungurungum ta ajiye a memori, har da ta Hausa. Sai dai ka gargaɗi malamai cewa Wikipedia wurin fara bincike ce, kowa yana iya rubutu a cikinta, don haka a riƙa gwada abin da aka samu da littafin da aka amince da shi.

Kada ka manta da namu na gida. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da UNICEF da Microsoft, ta ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, wanda ke ɗauke da darussan firamare da sakandare cikin Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo. Fifikonsa a kan na ƙasashen waje shi ne an gina shi a kan manhajar karatunmu, don haka malami ba ya shan wahalar neman inda darasin ya dace da tsarin zango. Ingancin darussan ba ɗaya ba ne, wasu sun fi wasu, ya kamata malami ya kalla tukuna kafin ya kai wa yara.

Akwai matsalar da ka ambata a ƙarshen saƙonka, wadda a ganina ta fi duk sauran girma, wato yaran da suke shigowa aji ɗaya na ƙaramar sakandare ba su iya karanta jimla ba. Babu na'urar da za ta koya wa yaro karatu idan ba shi da abin karantawa a hannunsa. A nan African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ke gudanarwa, zai taimake ka ƙwarai. Gajerun labarai ne masu hotuna, an jera su daga masu sauƙi zuwa masu ɗan wuya, akwai na Hausa a ciki, kuma an ba kowa izinin saukewa da bugawa da fassarawa. Wannan izinin fassara shi ya fi muhimmanci a gare ku, domin na san a tsaunin nan yara da yawa da Fulatanci ko Mambilanci suke tashi. Malami ɗan gari zai iya mayar da labari harshen yaran, a buga shi tare da Turancinsa, a naɗe takardun a ɗinke da zare. Idan za a rubuta Hausa, a sa allon rubutu na Hausa a waya, irin wanda ke cikin Gboard, domin haruffa masu lanƙwasa su fito daidai, kada mu koya wa yara rubutun da za mu dawo muna gyarawa.

Na san matasan malamanka sun riga sun fara amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suka bazu tun ƙarshen 2022. Ban ga dalilin hana su ba, domin suna rage wahalar tsara shirin darasi da fitar da tambayoyin gwaji. Amma suna faɗin kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa. Wani abokin aikinmu ya sa ɗaya daga cikinsu ta fitar masa da tambayoyin lissafi tare da amsoshinsu, ya kai aji bai bi ta kansu ba, sai wata ɗaliba ce ta tashi ta nuna cewa amsar da ke kan allo ba ta fita. Hausarsu ma sau da yawa Turanci ne aka jera da kalmominmu. Dokar da zan so ka kafa ita ce, duk abin da aka samo ta wannan hanya, sai malami ya warware shi da kansa, ya kuma gwada shi da manhajar karatun da hukumar NERDC ta fitar, kafin ya hau allo.

Haka kuma ka ja kunnen malamai a kan hotunan yara da sakamakon jarrabawarsu. Zauren WhatsApp na malamai yana da amfani wajen musayar shirin darasi da tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, amma hoton 'yar mutane ko makinta ba abin yaɗawa ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, kuma ko babu doka, ka san yadda hoto ɗaya zai iya sa uba ya cire 'yarsa daga makaranta.

To, game da kuɗin. Sayen kwamfutocin hannu alhali babu inda za a yi caji tamkar sayen doki ne ba a tanadi ciyawa ba, ga shi kuma idan fuskar ɗaya ta fashe sai an yi doguwar tafiya kafin a samu mai gyara. Majigi shi ma yana buƙatar wuta mai ƙarfi da ɗaki mai duhu, azuzuwanmu kuwa tagoginsu a buɗe suke. Da ni ne, da sola zan fara, faranti da batir mai ɗan girma, tunda damina tana daɗewa a wajenku kuma hadari yana rage caji. Sai kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya mai lafiyayyen batir, ko da wadda aka taɓa amfani da ita ce, da na'urar raba waifai, da lasifika mai caji domin darasin sauraro da furucin Turanci. Abin da ya rage a ware shi domin buga labarai da takardun aiki, domin takarda ita ce abin da yaro zai tafi da shi gida. Ka kuma naɗa malami ɗaya mai riƙon amana ya kula da kayan, da littafin da ake sa hannu idan an ɗauka, amma kada tsoron lalacewa ya sa a hana yara taɓawa. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara hakan ga masu zaman kansu a 2024, kuma abin takaici ne yaro mai ƙoƙari ya fara riƙe linzamin kwamfuta a ranar jarrabawarsa. A tsara musu lokaci bayan an tashi, 'yan mata da ranarsu, maza da tasu, domin idan aka haɗa su maza ne suke mamaye kujerar.

Na riga na fara tara maka waɗannan kaya a filashi: gwaje-gwajen PhET, da Kolibri tare da darussan lissafi da kimiyya, da kayan TESSA, da labaran Hausa. Zan ba direban motar Jalingo idan na kammala, sai ka sanar da ni wanda zai karɓa a tasha ya ƙarasa maka da shi. Ka aiko mini da jerin darussan da malamanka suka fi shan wahala a kansu a wannan zango, domin in san abin da zan ƙara kafin in rufe. Idan kun tashi girka Kolibri, ka sa malamin da zai kula da ita ya kira ni da yamma, mu bi matakan tare.

Ka isar mini da gaisuwa ga uwargida da yara, da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Wassalam.

Naka,
Malam Lawal