Kada Ka Bari a Cire wa Motar Nan Tsaro

Ɗana,

Bayan gaisuwa, ya Abuja, ya aiki? Mu nan Jos lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Daga bakin yayarka na ji, ba daga naka ba, cewa makullin Corolla ya cinye, sai ka yi ta jijjiga shi kafin ya murɗa, robar kansa ma ta tsage ka naɗe da salatif. Wannan bai dame ni ba, ƙarfe ne ya sha aiki. Abin da ya hana ni barci shi ne wai wani rewaya a Apo ya ce a cire sikiyoritin gaba ɗaya, kowane makulli aka yanka ya tayar da ita, kowa ya huta. Kai kuma ka ce za ka yi shawara. Shawarar me?

A cikin baƙin kan makullin nan akwai wani ɗan cif kamar ƙwayar shinkafa, ko batir ba ya bukata. Idan ka zura makulli, zoben da ke kewaye da ramin zai karanta lambarsa ya miƙa wa ƙwaƙwalwar mota. In lambar ta dace, a saki mai da wuta. In ba ta dace ba, inji ya yi ta juyi a banza. Shi ya sa yankakken makulli zalla yake buɗe ƙofa amma ba ya tayar da mota. Wasu ma ba cirewa suke yi ba, cif ɗin suke ɓamɓarowa su manna a jikin zoben da gam, su karɓi kuɗinka. Daga ranar, duk wanda ya iya murɗa ramin nan ko da sukundireba ne, motar ta zama tasa. Ka tuna Fijo 504 ta kawunka.

Kai da motarka take kwana a waje a Mararaba! Kai da kake ɗaukar wanda ba ka sani ba daga Berger zuwa Kubwa da tsakar dare! Garatutina ce fa kake tuƙawa. Bayan abin da ya same mu a 2008 ka san sarai abin da ya rage mana, kuma mahaifiyarka ba ta sayar da awarwaronta don ka sauƙaƙa wa ɓarawo aiki ba. Kullum kai sai hanyar araha, tun kana makaranta haka kake.

To, ka je tun baƙin makullin yana aiki, don da shi ake shigar da sabo cikin sauƙi. In ya karye ko ya ɓace, magana ta koma kan ƙwaƙwalwar motar, kuɗin kuma ya ninka. Ka nemi mai yin makullai da kwamfuta, wanda yake da shago, ba mai yawo da jaka ba. Ya yanka sabon da lambar yankan makullin ta asali, kada ya kwafi tsohon, in ba haka ba cinyewar ma zai kwafo. Zai jona na'urarsa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, aikin ba ya daɗewa. Ka tsaya a kansa. Ko sallah za ka je, makullinka a aljihunka, domin cif ma ana kwafarsa. Ka ga fitilar tsaro da ke gaban direba ta mutu da sabon makullin, ka tayar, ka kashe, ka sake tayarwa kafin ka biya.

Na san har yanzu kana jin haushin na riƙe ɗaya makullin motar, mai ruwan toka, a nan. Ba rashin yarda ba ne. Makulli biyu a aljihu ɗaya rana ɗaya suke ɓacewa, kuma shi wannan ba a shigar da sabo da shi, tuƙi kawai yake yi. Yana nan a akwatina.

Na san kuma kasuwa ba daɗi, kuɗin mai yana cinye maka ribar, kuma ba ka taɓa fashin aiko mana ba. Allah ya yi maka albarka. Na wannan watan ka riƙe, ka yi makullin da shi. In ka isa shagon ka kira ni, ka ba shi wayar mu yi magana.

Mahaifinka