Ranka shi daɗe, a yashe muna kanibo tun ruwa bai sauka ba

Assalamu alaikum, ranka shi daɗe shugaban da ke riƙe da garinmu. Ina gajiya, ina aiki. Ba zan ja gaisuwa ba don maganar da ta kawo ni ta hi ƙarfin gaisuwa.

Maganar kanibo ce, wato hanyoyin ruwa na bakin titi. Kowace shekara in damina ta gabato sai mu ji a rediyo za a yashe hanyoyin ruwa a kwashe shara, mu yi ta jira, har ruwan hwari ya sauka kanibo na nan cike da leda da rairayi, ruwa ya rasa inda zai bi ya kwanta ƙohwar gidajenmu wata da watanni. Kai ma ka san damina ta canza, ruwan da a da ke zuwa a sati biyu yanzu dare guda yake zubowa, kuma yana kai mu har cikin Oktoba. Shi kuwa sauro kwana goma kacal yake so daga ƙwai ya tashi. To wanga ruwa da ke kwance tun Yuli zuri'a nawa ya haifa muna?

Ba mu manta 2024 ba. Ambaliya ta ci rayuka sama da 300 a ƙasarmu Nijar, har komawa lakkol anka ɗage zuwa 28 ga Oktoba, kuma a wannan damina ce kwalara ta ɓulla Konni da Madawa da Buza, nan cikin jiharmu ta Tawa. A 2021 ma mun sha kwalara. Hanyar guda ce kullum, masai ya cika ya tumbatsa, ya gauraya da ruwan rijiya, mutane su sha. Wanga ba sai an ɗauko masani daga Faransa ba.

Gaskiya ana raba sange, ana bi gida gida a ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakahin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, kuɗin likita ma an rage rabi, mun gani mun gode. Amma yaro ba ya wuni cikin sange, da magariba yana waje yana wasa bakin wancan koren ruwa. Ɗiyata sau biyu tana kwanciya bara. Ko dai so ake sai mun cika gadajen likita sannan a zo da manyan motoci da masu ɗaukar hoto a ce an kawo ɗauki?

Don Allah ranka shi daɗe, tun Afrilu ko Mayu ƙasa na bushe a hiddo aikin. Matasan unguwa na nan, a ba mu shebur da baro da mota guda da za ta kwashe abin da munka hiddo, don in an bar shi bakin kanibo ruwan hwari zai maida shi ciki, mun gani ba sau ɗaya ba. 

Ɗan Tawa mai jiran ganin shebur.