Hanyoyin zamiya na cikin bishiyoyi ba na sabon shiga ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin masu sha'awar wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara game da wata irin hanya da ake gani a taswirar wuraren wasan, wato hanyar cikin bishiyoyi.

Hanya ce da ke cikin iyakar wurin wasan. A lokacin zafi ma'aikata ke shiga su sare ƙananan itatuwa da sarƙaƙiya da rassan ƙasa, su bar manyan bishiyoyi tsaye da tazarar da mutum zai iya ratsawa. Daga nan ba a ƙara taɓa ta. Motar da ke daddale dusar ƙanƙara da daddare ba ta shiga, shi ya sa dusar ke zama da laushi da zurfi, kuma iska da rana ba sa saurin ɓata ta. Wuraren wasa na Jay Peak a jihar Bamont da Steamboat a Kolorado, duk a Amurka, sun yi suna da irin waɗannan hanyoyi. A Amurka da Kanada akan sa wa mafi yawansu alamar baƙin lu'ulu'u ɗaya ko biyu, alamar ƙwararru ke nan.

Karo da bishiya shi ne haɗarin da kowa ya sani. Shi ya yi ajalin ɗan majalisar Amurka Sonny Bono a wurin wasan zamiya na Heavenly a watan Janairun 1998. Dabarar ita ce ka zuba ido a kan sararin da ke tsakanin bishiyoyi, domin inda ido ya kafe can jiki ke nufa. Ka rage gudu, ka riƙa gajerun juyi, ka sa hular kwano, ka kuma zare igiyar sandunan da kake dogarawa daga wuyan hannu, don idan sanda ta maƙale a reshe tana iya gocar da kafaɗa. A farkon hunturu dusar ba ta yi kauri ba, kututture da duwatsu na nan ɓoye a ƙasa.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ramin gindin bishiya, don ba a ganinsa. Bishiyoyin da ba sa zubar da ganye rassansu na tare dusar, sai gindin ya zama rami mai zurfi cike da dusa marar ƙarfi. Wanda ya faɗa yawanci da ka yake shiga, ƙafafu a sama. Yana mutsu-mutsu dusar na ƙara zubowa ta toshe masa hanci da baki. Mai zamiya a kan allo guda maimakon biyu ya fi shan wuya, domin ƙafafunsa biyu a ɗaure suke kuma maɗaurin ba ya kwancewa da kansa.

Saboda haka kada a shiga sai mutum biyu, kowa na ganin ɗan'uwansa, da usur a wuya. Jiran aboki a ƙasan dutse ba shi da amfani, numfashi ba ya jiran mintoci masu yawa. Wanda ya faɗa ya rungumi bishiyar in ya samu, ya kare fuskarsa da hannu don ya bar wa kansa wurin shan iska, ya natsu. Abokinsa kada ya tafi neman taimako, kada kuma ya ja shi ta ƙafa. Ya busa usur, ya haƙa ta gefe ya nufi inda kan yake, ya fara share baki da hanci, sannan a kira masu sintirin wurin.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum