Tsofaffin bindigogin "Rabe" da na "Jamus": a karanta ƙarfen kafin a saurari dillali

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin jan hankalin masu tara kayan tarihi a Garwa, Marwa, Kusiri da Injamena. Tsohuwar bindigar soja ba ta fitowa kasuwa sai dillali ya liƙa mata labari: wannan ta yaƙin Rabe ce, waccan daga dutsen Mora aka sauko da ita. Labarin ne ke ninka kuɗin, alhali shekarun bindigar na nan rubuce a jikinta.

An kashe Rabe, mayaƙin da ya ci Borno, a Kusiri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Jamusawan da ke Mora ƙarƙashin Kyaftin von Raben sun miƙa wuya a Fabrairun 1916. Ke nan bindigar Faransa Berthier ƙirar 1907-15 ba ta riski Rabe ba, balle MAS 36 da ta zo bayanta. Ita kuwa Mauser K98k mai tambarin gaggafa, sai a 1935 sojan Jamus suka fara riƙe ta, shekara 19 bayan Mora. Cikin waɗanda ake sa ran gani daga askarawan Jamus a Kamaru akwai Mauser ƙirar 1871, mai cin harsashi ɗaya, faɗin baki milimita 11.

Gras ta Faransa, ƙirar 1874, ita ma milimita 11 ce, kuma ta fi saurin ba da shaida. A gefen hagu na gidan sakata akwai sunan masana'anta, St Étienne, Châtellerault ko Tulle, sai Mle 1874, wato ƙirar 1874, galibi da ƙarin M80, alamar gyaran 1880. A gefen dama na gindin bututu akwai shekara da harafin farko na sunan masana'antar: S, C ko T. Lambar bindigar tana kan bututu, tana kan sakata, tana jikin ƙota. In lambobin sun saɓa, haɗe-haɗe ce. Ƙila sojan ne suka sake mata kaya tun da can, amma kuɗinta ba ya kai na wadda ta zo cikakkiya. Abin tsoro shi ne lambobin da suka dace fiye da kima. Mai ha'inci kan goge tsohuwar lamba da magagari ya buga sabuwa. A ɗora rula ta ƙarfe a wurin, a haska tocila daga gefe: in haske ya ratsa ƙarƙashin rular, an ci ƙarfen. A kuma duba da gilashin masu gyaran waya. Tsohon bugu gefunansa sun sulɓe, cikinsa ya yi duhu kamar sauran jikin. Sabon bugu yana da kaifi da ɗan tudu a gefe, kuma siffar 3 ko 7 ɗinsa ba ta zuwa ɗaya da ta sauran wuraren.

Tsatsar da aka haɗa da gishiri ko ruwan batir ja ce, ta bi ko'ina bai ɗaya, kuma tana ɓata farin ƙyalle da shafa ɗaya. Tsufan gaske ruwan ƙasa ne mai duhu da santsi, ya fi cinyewa inda hannu da kafaɗa ke taɓawa. Ƙotar da aka jiƙa da baƙin mai warin gareji take yi. A zare zobban, a ɗaga bututun: in cikin itacen fari ne tas, jiya aka sassaƙa shi.

Bayan an tabbatar babu harsashi a ciki, a leƙa bututun. Gras ta soja tana da layuka huɗu masu murɗewa a cikinsa. In sumul yake, an rarake shi an mai da ita ta farauta, kuma an yi wa da yawa haka. Ga Martini-Henry ta Ingila kuwa, kambi da VR (tambarin Sarauniya Biktoriya) tare da shekarar da ta wuce 1901 jabu ne, don a shekarar ta rasu; irin waɗannan maƙeran iyakar Pakistan da Afganistan ke ƙerawa, wani lokaci har N ɗin ENFIELD a juye.

Adakar maƙeranmu ba laifi gare ta ba in an sayar da ita da sunanta. Laifin yana ga wanda ya buga mata haruffan Turawa. Saye ta hoton WhatsApp kuma cinikin biri a sama ne, domin hoto ba ya nuna ramin magagari.

Kada a gwada harbi don a tabbatar. Don baƙin albarushi aka yi Gras da Mauser 1871. Na zamani yana iya fasa su a fuskar mai harbin. Kada kuma a bi su da samfefa, shaidar ake gogewa. A Kamaru, dokar makamai ta 14 ga Disamba, 2016 ta haɗa har da tsofaffin makaman ajiya, kuma kowa ya san halin tsaro a yankin tafkin Cadi. Jandarman da ya tsayar da mota tsakanin Marwa da Kusiri takarda zai tambaya, don haka a je wurin hukuma a san matsayin bindigar kafin a ba da kafin alƙalami.

Wassalam.
Wani mai karatu, daga Garwa